Babi, Fasali da Haƙƙin Makaho a Shafin Intanet

Wudil gari ne na mararraba. Mai zuwa Maiduguri daga Kano ta kan gadarsa zai bi, mai neman bijimi ranar Juma'a a kararsa zai sauka. Tun 2001 kuma, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kano ta buɗe a garin, aka samu wani sabon ayari na samari da 'yan mata masu rataye da jakar kwamfuta. A 2022 aka sauya wa jami'ar suna zuwa na Aliko Dangote. Ɗaliban sashen kwamfuta, kamar takwarorinsu na sauran jami'o'in ƙasar nan, ba sa fita sai sun gabatar da aikin kammala karatu, kuma da yawa daga cikin ayyukan nan shafukan intanet ne: na rajistar ɗalibai, na ajiye bayanan marasa lafiya, na saye da sayarwa. Ko wane iri ne shafin, abin da ake fara ɗora masa shi ne layin nan na sama mai nuna wa baƙo inda zai nufa: farko, rajista, biyan kuɗi, sakamako, tuntuɓa.

Hanya biyu ake bi a gina wannan layi. A harshen HTML, wanda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar bincike ta CERN a farkon shekarun 1990, akwai wata alama mai suna div wadda ba ta faɗin komai game da abin da ke cikinta. Mai haɗa shafi na iya jera irinta guda biyar, ya shafa musu launi, ya sa su amsa idan an taɓa su. Yana kuma iya ɗaukar alamar nav, wadda aikinta shi ne shaida cewa nan hanyoyin shafin suke, ya zuba jeri a cikinta da alamomin ul da li, kowane mahaɗi kuma ya ba shi alamarsa ta a. Idan aka haska ayyukan biyu a bango gaban malamai, babu idon da zai raba su. Wanda ya biya kuɗin aikin ma ba zai taɓa sani ba. To, abin da ido ba ya gani, mai kuɗi bai tambaya ba, malami bai ba shi maki ba, yana da wani nauyi a wuyan mai sana'a tsakaninsa da Allah?

Akwai wanda ke jin bambancin, domin da kunne yake karanta shafi. Makaho yana amfani da manhaja mai karanta masa abin da ke fuskar waya ko kwamfuta: TalkBack a wayoyin Android irin su Tecno da Infinix da suka cika aljihun mutane, VoiceOver a iPhone, JAWS ko NVDA a kwamfuta. Ita NVDA makafi biyu ne 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina ta tun daga 2006, suka kuma bar ta kyauta. Mai gani da kallo ɗaya yake ɗauke fasalin shafi, ya san ina sama, ina tsakiya, ina talla. Makaho kuwa kalma bayan kalma shafin ke zuwar masa, don haka yana buƙatar wuraren tsallake. A NVDA idan ya danna harafin H sai ya faɗa kan magana na gaba, idan ya danna D sai ya koma babban sashe na gaba. In an yi amfani da nav da jeri, manhajar za ta sanar da shi cewa ya iso wurin hanyoyi, kuma guda biyar ne. In div aka jera, kalmomi kawai zai ji zube, ba abin da zai gaya masa cewa ana danna su, kuma madannin Tab da yake tafiya da shi zai haye su kamar babu.

Duk wanda ya taɓa lura da ɗan jagora a kasuwar Wudil ranar Juma'a ya san aikin. Yaron ba ya lissafa wa mai gidansa kowace rumfa. Cewa yake yi nan 'yan hatsi ne, gaba kara ce, ga kwata a ɗaga ƙafa. Jagoran da ya yi shiru ya bar mutum cikin turmutsutsu, wanda kuwa ya ce ga ƙofa alhali bango ne ya fi shi laifi.

Kuma ba mutum ɗaya ko biyu ake magana ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato sama da mutum miliyan ɗaya, yanar ido ce kuma kan gaba a sanadi. Cibiyar WebAIM ta Jami'ar Jihar Utah a Amurka, wadda ke yawan tambayar masu amfani da irin waɗannan manhajoji, ta samu cewa kusan bakwai cikin goma da kanun magana suke neman abin da suke so a dogon shafi. Ita dai cibiyar takan duba shafukan farko na manyan gidajen intanet miliyan ɗaya duk shekara, kuma a 2023 da 2024 sama da kashi 95 cikin 100 ta same su da kurakuran da ke tare wa masu larura hanya. Matsalar ta duniya ce baki ɗaya, har da ƙasashen da suka ƙirƙiro abin.

Musulmin da ya yi ko da makarantar allo ya san surar Abasa, ya kuma ji labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zo neman ilimi a lokacin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ke tattaunawa da manyan Ƙuraishawa, har wahayi ya sauka a kansa. Daga baya shi ne ya zama ladani tare da Bilal, kuma sau da dama ana barin Madina a hannunsa idan an fita. Tirmizi ya ruwaito hadisin da ya ƙidaya taimaka wa mai raunin gani a cikin sadaka, Buhari kuma a Al-Adabul Mufrad ya kawo ruwayar tsinuwa ga wanda ya ɓatar da makaho daga hanya. Waɗannan ruwayoyi hanyar ƙasa suke magana a kai, mai rami da ƙaya. Amma yau hanyar zuwa jarrabawa, da banki, da lambar ɗan ƙasa, da neman aiki, duk ta cikin waya ta bi. Dalilin hukuncin bai sauya ba: mutum ne ya dogara da maganar wani a kan abin da ba shi da ikon tabbatarwa da kansa.

Adalci ne a faɗi cewa tsinuwa ta mai ganganci ce, kuma yawancin masu haɗa shafi ba mugunta ke sa su jera div ba. Haka suka gani a bidiyon koyarwa, haka suka kwafo, ya kuma yi aiki a idonsu. Sai dai uzurin rashin sani yana da iyaka, ranar da mutum ya sani ya ƙare.

Wani zai ce tsari ai ado ne, abin da ke ciki shi ne magana. Wannan gardama ta girmi kwamfuta da fiye da shekara dubu, kuma a kan littafi mafi girma aka yi ta. Mus'hafan farko ba su da ɗigo, ba su da wasali, ba su da alamar kowace aya goma. Da aka fara sa su, wasu magabata sun ƙi, suna tsoron kada a cuɗa abin da ba Alƙur'ani ba da Alƙur'ani. Abu Amr ad-Dani, malamin Andalus da ya rasu a 444 bayan hijira, ya tattara waɗannan ra'ayoyi a littafinsa Al-Muhkam, har da matsayin Imam Malik, wanda bai so a sa alamomin a manyan mus'hafai na asali ba amma bai ga laifinsu a waɗanda yara ke koyo da su ba. Ma'aunin da Malik ya ɗauka shi ne buƙatar mai koyo. Da zamani ya yi nisa, masu buƙatar suka zama kowa da kowa, sai al'umma ta haɗu a kan alamomin.

Alarammomin ƙasar Hausa sun gaji wannan har suka mai da shi sana'a mai ƙa'ida. A Alƙur'ani rubutun hannu, irin wanda Sharif Bala na Gabari ya shahara da shi a Kano, baƙar tawada ta nassi ce, ja ta wasali, rawaya ta hamza. Izu sittin, kowane izu da nusufinsa da rubu'insa da sumuninsa, kowanne da irin zayyanarsa a gefen takarda, ta yadda gardi zai gane sumuni daga rubu'i kafin ya karanta harafi ɗaya. Da yake takardun a warware suke cikin gafaka, ba a ɗinke ba, sai marubuci ya sa kalmar farko ta takarda mai zuwa a ƙasan wadda ake ciki, don in iska ta watsa su a iya mayar da kowace gurbinta. Babu zayyanar da aka sa don kyau kawai. Alaramman da ya zana alamar izu a inda sumuni yake ya yi kuskure, komai kyan zanen.

A littattafan zaure akwai darasin da ya fi wannan kusa da batun. Mai kwafar Risala ko Iziyya yakan rubuta kan magana da jar tawada ko da manyan baƙaƙe, amma mawallafan ba su dogara da tawada ba. Sun rubuta kalmar babi da kalmar fasali a cikin nassin kansa, shi ya sa idan almajiri na biya karatu gaban malam, da baki yake furta su. Makahon da ke zaune a zauren yana jin an shiga sabon babi, yana jin fasali ya zo a ƙarƙashinsa, ba sai ya ga ja ba. Da irin wannan karatu na kunne Imam Shaɗibi, makaho, wanda ya rasu a Alƙahira a 590 bayan hijira, ya zama jagoran masu ƙira'a har yau, da shi kuma Aliyu Namangi na Zariya ya yi iliminsa. Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya bayyana tun a gabatarwar Risala cewa ya raba ta babi-babi ne don ta yi sauƙin fahimta ga masu koyo. Wanda ya ƙara wa rubutu girma da kauri a shafin intanet ba tare da ya ba shi alamar kan magana irin h2 ba, jar tawadar ya sa, ya bar kalmar. Wanda kuma ya ba layin talla alamar h2 don kawai yana son ya fito ɓaro-ɓaro, ya kira babi a inda babu babi.

Kan magana ma ba shi da tsaka-tsaki. Malamai sun daɗe suna cewa fiƙihun Buhari a kanun babobinsa yake, domin hadisi ɗaya yakan maimaita shi a wurare da dama, kowane wuri da hukuncin da ya ciro. Muslim kuwa ya jera hadisansa bisa tsari amma bai sa wa babobin suna ba, sai masu sharhi suka sa daga baya, kuma na Nawawi, wanda ya rasu a 676 bayan hijira, su ne suka fi yaɗuwa. Mai sa wa magana kai yana gaya wa mai karatu abin da ya fi muhimmanci da abin da ke ƙarƙashin wani. Hukunci yake yankewa, kuma ana iya tambayarsa a kai.

Tarihin HTML na kusa ya kawo tambayar da ta fi wuya. Lokacin da ake tsara HTML5, wanda ƙungiyar W3C ta tabbatar a Oktoban 2014, an rubuta wata dabara mai ban sha'awa: mai gini ya raba shafi da alamomin section da article da nav, ya fara kowane sashe da alamar babban kai ta h1, na'ura kuma ita za ta lissafa matsayin kowane kai bisa zurfin sashen da yake ciki. Littattafai suka koyar da haka, masu ƙwazo suka bi. Amma babu burauzar da ta taɓa aiwatar da lissafin. Shekara da shekaru mai gini yana ganin ya bi ƙa'ida sau da ƙafa, makaho kuwa yana jin kanu goma duk matsayinsu ɗaya, bai san uwa ba bai san 'ya ba. Sai a Yulin 2022 ƙungiyar WHATWG, mai riƙe da ƙa'idar yanzu, ta cire dabarar gaba ɗaya.

Masu ginin da suka bi wannan dabara niyyarsu kyakkyawa ce, littafi kuma yana bayansu. Sun sauke nauyi? Hadisin niyya shi ne na farko a Buhari, shi ne na farko a Arba'una, kowane ɗan Islamiyya ya haddace shi. Amma fiƙihu ya raba haƙƙin Allah da haƙƙin bawa. Wanda ya fasa tulun maƙwabci bisa kuskure ba shi da zunubi, amma zai biya. Malikiyya sun ƙara gaba a kan masu sana'a: Risala ta ɗora wa irin su tela da marini lamunin kayan da aka ba su suka tafi da su bayan idon mai shi, kuma dalilin da malamai suka bayar shi ne maslahar jama'a, tunda mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu, ba kuma za su iya tsayawa a kan mai aiki ba. Haɗa shafi sana'a ce ta bayan ido fiye da rini a Ƙofar Mata, domin mai shadda aƙalla zai ga launin da aka dawo masa da shi. Niyya tana samar wa mai gini lada, wannan babu shakka. Haƙƙin wanda aka yi shafin dominsa kuwa yana nan har sai ya iya wucewa ta cikinsa. Abin da takardar ƙa'ida ta ce ba ya wadatarwa in ba a saurari abin da na'urar ke faɗa a kunnen mutum ba.

Abin da ya rage bayan an cire waccan dabara ba shi da yawa. Kai ɗaya babba, h1, wanda ke faɗin abin da wannan shafin ya ƙunsa. Sa sunan ma'aikata a wannan matsayi a kowane shafi yana sa makaho ya ji abu ɗaya ko'ina ya shiga. A ƙarƙashinsa h2, a ƙarƙashin wannan h3, ba a tsallake daga na biyu zuwa na biyar don ana son ƙananan baƙaƙe, tunda girman rubutu aikin CSS ne, harshen da ke tsara kamannin shafi. Alamar main ta riƙe ainihin abin da aka zo nema. A farkon shafi a sa mahaɗin da ke tsallake layin hanyoyi, don kada mutum ya saurari jeri ɗaya sau ashirin a zama ɗaya. In shafin na Hausa ne a shaida wa na'ura haka da alamar harshe, kada ta ɗauka Turanci ne ta yi ta kwaɓa karatu.

Wuce gona da iri shi ma aibi ne, kuma a nan ne masu sabon ƙwazo ke tuntuɓe. Ba kowane tarin mahaɗai ya cancanci nav ba, sai manya. In sun kai biyu, na sama da na gefe, kowanne a ba shi suna da aria-label, in ba haka ba mutum zai ji wurin hanyoyi, wurin hanyoyi, bai san wanne ne wanne ba. WebAIM ta sha samun cewa shafukan da aka cika da alamomin ARIA sun fi waɗanda ba su da su yawan kurakurai a matsakaici, abin da ke nuna cewa alamar da aka sa ba da sani ba tana iya zama sabuwar ƙarya. Taka-tsantsan ɗin Imam Malik yana da wurin zama a nan: alama don buƙatar mai karatu ake sa ta, abin da ya wuce buƙata kuma cunkoso ne.

Akwai mai cewa ƙasar da wuta ba ta tsayawa, data ke tsada, wa ke da lokacin wannan? Maganar tana da ƙarfi in ana batun gina lifta a tsohon bene. A nan kuwa ba ta da shi, domin rubuta nav ba ya cin kobo fiye da rubuta div, haruffa uku ne kowanne. Shafin da aka gina da alamomin asali ma ya fi sauƙi a ƙaramar waya da raunin sabis, saboda burauza ta riga ta san aikin mahaɗi da maɓalli, ba sai an loda mata ƙarin umarni ba. Mai ganin da ke Garko ko Sumaila da sanda ɗaya ta sabis shi ma ya amfana.

Doka ta fara motsi. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, aka kuma kafa hukumar kula da su a 2020. JAMB tun 2017 take shirya wa makafi jarrabawa ta musamman, Kano na cikin cibiyoyin. Amma ɗalibin da ya ci jarrabawa yana da sauran ƙofofi a gaba, kuma duk wadda aka gina ba tare da an tuna da shi ba tana tilasta masa ya miƙa wayarsa, da kalmar sirrinsa, wani lokaci har da lambar katin bankinsa, ga ɗan'uwa ko mai shagon intanet. Baligi mai hankali, wanda shari'a ta yarda ya yi limanci ya yi ciniki ya yi aure, an mayar da shi mai neman a duba masa asusunsa. Wannan tauye mutunci ne, kuma zaɓin da wani ya yi a cikin 'yan daƙiƙu gaban kwamfuta ne ya jawo shi.

Nauyin bai tsaya a kan mai gini shi kaɗai ba. Ma'aikatar da ke ba da kwangila tana iya rubuta sharaɗin a takardar yarjejeniya, tunda ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa shafuka ga masu larura suna nan tun 1999, an kuma sabunta su a 2008 da 2018 da 2023. Malamin da ke duba aikin ɗalibi ya fi kowa iko, domin abin da ake ba wa maki shi ɗalibi ke koya. A Wudil ko Kano ko Zariya, ranar kare aiki, ana iya kashe majigi, a ture linzamin kwamfuta gefe, a kunna NVDA, a ce wa ɗalibin ya tashi daga shafin farko ya kai ga rajista da kunne da madannai kawai. Mintuna kaɗan gwajin zai ci. Wanda ya fi shi kuwa shi ne a gayyato mai amfani da manhajar kullum, daga cikin waɗanda suka fito daga makarantar Tudun Maliki ko sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero, a zaunar da shi a teburin masu jarrabawa, a rubuta abin da ya faɗa a takardar maki, a kuma biya shi kuɗin aikinsa yadda ake biyan mai jarrabawa na waje.